Tiyon birki mai rigar ƙarfe, da sauran abubuwan mamaki na ƙarƙashin mota

Leƙa bayan tayar mota, za ka ga wani baƙin tiyo mai kaurin ɗan yatsa, tsawonsa wajen kamu guda. Shi ke karɓar man birki daga bututun ƙarfen da ke manne da jikin mota ya kai shi ga taya, kuma dole ya zama mai lanƙwasuwa tunda taya na hawa da sauka, tana karkata dama da hagu. Masu motocin tsere kan cire na roba su ɗaura wani mai rigar zaren ƙarfe, saƙa tsaf kamar ta tabarmar Madawa. Kafin ɗan Adar ya aika Yamai ko Ƙofar Ruwa ta Kano a nemo masa irinsa, ga abin da ke tattare da shi.

Iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da ɗan wani abu ba. Idan direba ya danne birki da iya ƙarfinsa, matsin da ke cikin wannan ɗan tiyo kan kai bar 100, wato kusan ninki arba'in. Roba kuwa, duk da zaren da aka nannaɗe a cikinta, tana ɗan kumbura. Wannan kumburi shi ke sace wani ɓangare na takun ƙafa, har a ji birki ya yi laushi.

Cikin tiyon tsere babu roba. Akwai siririn bututun Teflon, abin nan da ake shafe kaskon suya da shi don kada ƙwai ya kama. An ma same shi ne bisa tsautsayi. A 1938 wani matashin masanin sinadarai na kamfanin DuPont a Amurka, Roy Plunkett, yana binciken iskar sanyaya firji, sai tukunyar iskar ta ƙi fitar da komai alhali nauyinta bai ragu ba. Da aka yanka ta, sai ga farin gari mai santsi a ciki. Garin nan ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 320.

Jirgin sama ya riga mota amfani da irin wannan tiyo. Kamfanin Goodridge na Ingila, wanda aka kafa a 1969, da shigo da shi fagen tsere ya yi suna.

Man birki na farko-farko kuwa, man zurma ne gauraye da sinadarin barasa. Eh, zurmar nan da ke fitowa a bayan gida ba wanda ya shuka ta. Malcolm Loughead ya yi rajistar birki mai aiki da mai a ƙarshen shekarun 1910, motar Duesenberg ta fito da shi a duka tayoyi huɗu a 1921, amma Henry Ford ya kafe a kan sanduna da waya. Sai a 1939 motocin Ford suka bi sahu.

Tun kafin su duka, a 1888, Bertha Benz ta ɗauki motar mijinta ba da saninsa ba, ita da 'ya'yanta maza biyu, ta yi tafiyar fiye da kilomita 100 daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus. Birkin katako ne, ya cinye a hanya. Ta tsaya wurin baduku ta sa ya buga masa fata. Ke nan baduku ne makaniken birki na farko.

Motocin tsere ba baƙi ba ne a jihar Tawa. Gasar Paris-Dakar, tun zagayenta na farko a 1979, ta sha biyowa ta Agadas zuwa Yamai, Tawa kuma na kan hanya. A 1989, da aka isa Gao, shugaban tawagar Peugeot Jean Todt ya ga direbobinsa biyu, Ari Vatanen da Jacky Ickx, za su kashe kansu wajen rige-rige, sai ya cilla kwabo sama don a san wanda za a bar wa nasara. Vatanen ya ci.

To ga maganar da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: tiyon ƙarfe ba ya rage tazarar da mota ke ci kafin ta tsaya. Taya da ƙasa ne ke tsayar da mota. Abin da yake canzawa shi ne yadda birki ke amsawa a ƙarƙashin ƙafa, ya yi tauri, direba ya san daidai inda ya taka. A filin tsere, inda ake taka birki sau ɗaruruwa cikin sa'a guda, wannan babban abu ne. A hanyar Buza zuwa Keita da sulɓaɓɓiyar taya kuwa, asarar kuɗi ce. Mai gudun 100 yana buƙatar ninki huɗu na tazarar da mai gudun 50 ke buƙata, ko da tiyonsa na zinariya ne.

Ƙura ce babbar abokiyar gabar tiyon ƙarfe. Ƙasar Keita ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, abin da ya sa tun 1984 aka shiga aikin nan na tare zaizaya da tallafin Italiya. A irin wannan hanya yashi na kutsawa tsakanin saƙar ƙarfen da Teflon, yana gogarsa a hankali, ba mai gani. Tiyon roba yana da kirki ta nan: idan ya tsufa yakan tsattsage ko ya yi ƙulu, makanike ya gani ya yi magana. Na ƙarfe yana nan yana ƙyalli har ranar da zai fashe. Shi ya sa, in dai za a saya, a nemi wanda aka ƙara lulluɓe saƙarsa da leda. Saƙar da ke tsirara ma zarto ce, duk abin da ta goga sai ta ci shi, har wayar lantarki.

Makanikai sun saba matse tiyon roba da filaya don kada mai ya zube yayin aiki. Aka yi wa na ƙarfe haka, an kashe shi, domin Teflon ba ya komawa yadda yake.

Man birki yana shan ruwa daga iska, ko a cikin gwangwanin da aka buɗe aka ajiye. Sabon mai samfurin DOT 4 ba ya tafasa sai a digiri 230. Da ya sha ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, ma'aunin ya faɗo zuwa 155. A doguwar gangara, cikin zafin Afrilu, mai ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma yana matsuwa, sai ƙafa ta tafi har ƙasa. Nan ne ake cewa birki ya tsinke, alhali ba abin da ya tsinke. Masu zuba ruwan omo don a lallaɓa a kai gari su sani a digiri 100 yake tafasa, kuma yana sa tsatsa. Wani abin ban haushi: DOT 3 da 4 da 5.1 suna gauraya, amma DOT 5, mai launin shunayya, ba ya shiga cikinsu ko kaɗan. Ɗigo ɗaya na DOT 3 ko 4 ko 5.1 a kan fenti, in an bar shi, sai ya ɗaye shi.

Duk wanda ya canza tiyo sai ya fitar da iska. Maigidan gareji na kwance a ƙasa da ɗan sifana, yaro na kan kujerar direba. "Taka! Ƙara! Riƙe nan!" Ya kwance ɗan noti, mai ya feso da kumfa cikin tsohuwar gora, ya ɗaure. "Saki!" Haka za a bi tayoyi huɗu, galibi daga wadda ta fi nisa da tukunyar mai, har kumfa ta ƙare.

Manyan motocin da ke kwasar albasar Galmi da ta kwarin Tarka zuwa Akara da Abijan ba ruwansu da wannan mai. Birkinsu na iska ne, dabarar da George Westinghouse ya fito da ita don jirgin ƙasa a 1869. A nan lamarin ya juye: iska ce ke riƙe da birkin baya a buɗe, in ta zube sai wasu manyan sifirin su danne tayoyi. Shi ya sa direba ke tada inji da asuba ya zauna jiran iska ta taru, karen mota kuma bai cire weji ba.

Wanda ya ce shi dai sai ya sayi tiyon ƙarfe, ya tafi da tsohon tiyon a hannu, don tsawo da bakin noti sun bambanta daga mota zuwa mota, har daga shekara zuwa shekara. A sa sababbin zobban jan ƙarfe, kada a maida tsofaffin. Bayan an ɗaura, a murza sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a duba ko ya ɗame ko yana taɓa taya. A nemi kuma rubutun DOT ko SAE J1401 a jikinsa: a ƙa'idar Amurka, tiyo ba ya samun wannan shaida sai an ɗaura shi a inji an yi ta kaɗa shi sa'o'i 35 ba tsayawa bai fashe ba.