AGOGON ƘARFIN MAI: IDON DIREBA A CIKIN INJI

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Birnin Ƙonni da Malbaza da Galmi ta nufi Maraɗi, shimfiɗe take da kwalta. Haka ma wadda ta rabu da ita a Tsarnawa ta bi ta Badagishiri zuwa Tawa. Amma da zarar an sauka daga waɗannan biyu, sai duwatsun Adar, da rairayin ƙoramu, da laka ta kwarin Majiya in damina ta sauka. A nan ne tsofaffin motocin daji, Land Rover da Toyota Land Cruiser, suke cin abincinsu. Su ke kai marar lafiya asibitin Galmi, wanda aka kafa tun 1950. Su ke kai malaman gona da masu allurar rigakafi ƙauyukan gundumar Illela. Su ke fito da buhunan albasa daga gonakin rani zuwa bakin hanya.

Waɗannan motoci ba yara ba ne. Samfuri na uku na Land Rover an ƙera shi daga 1971 zuwa 1985. Land Cruiser 70 ta fito a 1984, injinta na gazuwal mai suna 1HZ kuwa ya biyo baya a 1990. Injin da ya yi shekara talatin ko arba'in yana aiki, kulawarsa ta fi ta sabo. Ɗaya daga cikin abubuwa masu sauƙin kuɗi da mai mota zai iya yi masa shi ne ya sa agogon da ke nuna ƙarfin man inji, wanda ake kira manometir da Faransanci.

ABIN DA JAN WUTA BA YA FAƊA

A cikin inji akwai famfo da ke tsotso baƙin mai daga kwanon ƙasa, ya tura shi ta mataci, ya raba shi cikin ƴan hanyoyi zuwa duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Babban sandan da ke juyawa, wato karanshaf, ba ya taɓa mazauninsa. A kan siririn mai yake yawo. In ƙarfin turawar ya ragu, sai ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ya yi zafi, ya cinye. Cikin ƴan mintoci inji ya buga.

Yawancin tsofaffin motoci suna da ƙaramin ƙwai ja a allon gaban direba. Wannan ƙwai ba ya kamawa sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa ƙwarai, wajen rabin bar ko ƙasa da haka. Alhali inji mai lafiya, in ya yi zafi yana tafiya, yakan nuna bar 3 zuwa 4. Tsakanin bar 4 da rabin bar akwai tazara mai yawa, kuma cikin wannan tazara ce inji yake lalacewa a hankali, ƙwan kuwa yana shiru. Ran da ya kama, sau da yawa aikin gama ya gama. Wasu Land Cruiser sun zo da agogonsu tun daga masana'anta, amma ba shi da lambobi, kuma bayan shekaru allurarsa kan mutu ko ta riƙa yin ƙarya.

Ƙasar Ƙonni tana ƙara wa matsalar nauyi. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Mai in ya yi zafi sai ya tsinke, ƙarfinsa ya sauka. Mota mai lodi da ke haƙilo cikin rairayi da ƙaramin giya tana dafa manta fiye da wadda ke gudu a kwalta. Ƙurar hunturu kuma, in ta sami hanyar shiga, tana zama kamar yashin wanke tukunya a cikin inji.

IRI BIYU

Agogon iri biyu ne. Na farko shi ne mai bututu: man da kansa yana biyo siririn bututu na jan ƙarfe ko na roba mai tauri har bayan agogon, ya tura wani lanƙwasasshen ƙarfe, shi kuma ya motsa allura. Wani Bafaranshe mai suna Eugène Bourdon ne ya yi rajistar wannan dabara a 1849. Ba ya bukatar batir, kuma ba ya yawan kuskure. Aibinsa ɗaya: in bututun ya fashe, mai zafi zai tsiyaye, wani lokaci a kan ƙafar direba.

Na biyu shi ne mai lantarki. Ana ɗaura wata ƴar na'ura a jikin inji, waya ta kai saƙo ga allura. Mai ba ya shigowa ɗakin direba. Sai dai dole agogon da na'urar su zama ƴan gida ɗaya, in ba haka ba lissafin ba zai yi daidai ba. A kuma duba wutar motar kafin a saya, domin wasu Land Cruiser na gazuwal volt 24 suke amfani da shi, ba 12 ba.

YADDA AKE ƊAURAWA

Aiki ne na ƴan sa'o'i ga bakanike mai hankali. Da farko a bar inji ya huce, a cire wayar batir. Sannan a nemi ƴar na'urar da ke kunna jan ƙwai. A Land Rover tana jikin mazaunin mataci, a sauran motoci kuma tana gefen inji. A wanke wurin sosai kafin a kwance ta, don kada ƙasa ta faɗa ramin.

Kada a jefar da ita. Ana sa mahaɗi mai baki uku, baki ɗaya ya shiga inji, ɗaya ya ɗauki tsohuwar na'ura, ɗaya ya ɗauki ta agogo. Da haka ƙwai da allura duk suna aiki: allura tana ba da labari tun da wuri, ƙwai kuma yana fizgo idon direban da hankalinsa ke kan hanya.

A nan ne kuskure mafi yawa yake faruwa. Zaren murɗi na ramin injin Toyota irin na Ingila ne, mai haƙora 28 a inci ɗaya. Agogon da ake sayarwa a kasuwa da yawansu zaren Amurka gare su, mai haƙora 27. Ido ba ya rabe su. Zai shiga zagaye biyu ko uku, sannan ya cije. Wanda ya matsa da ƙarfin sifana ya ɓata ramin, ko ya bar yoyon da ba ya tsayawa. Maganinsa ɗan mahaɗin da ke sada zaren biyu. In da hali, a tafi shagon kaya da tsohuwar na'urar a hannu a gwada.

Abu na biyu shi ne girgiza. Hanyar burji mai gargada tana karya ƙarfen da aka rataya wa nauyi. Na'urar lantarki tana da ɗan nauyi. In aka ɗora ta a ƙarshen dogon mahaɗi, wata rana zai tsage daga gindi, man inji duka ya zube cikin daji. Gara a ɗaure ta a jikin mota, a sada ta da inji da gajeren tiyo mai jure matsi. In mai bututu ne, a naɗe jan ƙarfen zagaye biyu kusa da inji don ya sha girgiza, a nisanta shi da salansa, a sa zoben roba a ramin da zai ratsa zuwa ɗakin direba. Farin zaren toshe yoyo kuma a yi hattara da shi: guntunsa na iya shiga hanyar mai ya toshe ta, kuma yana iya hana na'urar lantarki haɗuwa da jikin inji, alhali ta nan take kammala zagayen wutarta. Wayar agogo ta bi ta fis, daga layin da ke samun wuta in an murɗa makulli.

Da an gama, a tada inji, a leƙa kowane mahaɗi. A yi tafiyar kilomita kaɗan, a tsaya a sake leƙawa.

KARATUN ALLURA

Sa agogo rabin aiki ne. Sauran rabin sanin abin da yake faɗa. Da safe, mai yana da kauri, allura takan hau sama. In inji ya yi zafi sai ta sauko, wannan ba laifi ba ne. Kanikawa suna da ma'auni na kusa: wajen bar 0,7 ga kowane juyi 1000 na inji a minti. Agogon da aka shigo da shi ta iyakar Nijeriya wani lokaci da psi aka rubuta shi. Bar 1 daidai yake da psi 14 da rabi.

Abin da ya fi kowane ma'auni shi ne direba ya san halin motarsa. Ya rubuta a littafin mota inda allura ke tsayawa in inji ya yi zafi, a tsaye da kuma a tafe. In bayan watanni ta riƙa sauka kaɗan kaɗan, alama ce mazaunin karanshaf ko famfo yana cinyewa, a shirya gyara tun kuɗinsa bai yi yawa ba. In tana rawa a kwana ko a gangaren dutse, mai ya yi ƙasa, famfo yana shaƙar iska. In ta sauka bayan an yi juye, a tuhumi man da aka zuba, musamman na kwalba wanda ba a san asalinsa ba, ko kuma matacin. In ta faɗi gaba ɗaya ana cikin tafiya, a kashe inji nan take, ko da gari yana hange. Kilomita ɗaya na ganganci ya isa ya ci inji.

A tuna kuma agogon ƙarfin mai yake aunawa, ba yawansa ba. Sandar awo tana nan a matsayinta, kowace safiya kafin a tada mota.

Shugabannin ma'aikatu, da magadan gari, da ƙungiyoyin manoma na Ƙonni da Malbaza da Illela, su ne ke riƙe da yawancin waɗannan motoci a madadin jama'a. Motar ɗaukar marasa lafiya da ta kwanta wata uku tana jiran kayan inji, mata masu naƙuda ne ke biyan bashinta a kan amalanke. Kuɗin agogo da ladan bakanike ba su kai ko kusa da kuɗin sauke inji ba. Ya kamata duk wanda aka danƙa wa tsohuwar mota ya sa a duba ƙarfin manta kafin bazara ta kama, ya kuma tabbata direbansa ya iya karanta allurar.