Baƙaƙe Masu Ƙugiya a Hannun Na'ura: Duba Daga Unguwar Boro

Akwai wani ra'ayi da ya zama ruwan dare a tsakanin ɗalibai, har ma da wasu malamai, wai abin da ya sa mutane ba sa sanya wa baƙaƙen Hausa ƙugiya a waya da kwamfuta shi ne lalaci kawai. A cikin wannan ɗan bayani za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa al'amarin ya wuce nan, kuma za mu ɗauki Unguwar Boro, wadda ke kan hanyar Kachiya kusa da Sabon Tasha a Ƙaramar Hukumar Chikun, ta zama madubinmu. Dalilin zaɓenta shi ne, a can ne matsalar ta fito da fuskokinta guda biyu a lokaci ɗaya, wato ta na'ura da ta kunne.

Kafin mu kai can, ya kamata mai karatu ya tuna cewa baƙaƙen nan, ɓ da ɗ da ƙ, ba tare da boko suka zo ba. Turawan da suka fara rubuta Hausa kowa da dabararsa: wasu ɗigo suke sanyawa a ƙarƙashin harafi, wasu kuwa da waƙafin sama suke bambanta su. Sai a shekarun 1930 ɗin ne Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya tsaya a kan masu ƙugiya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda aka fara bugawa a watan Janairu na 1939, ta kai su gidajen mutane. Taron Bamako na 1966 ya tabbatar da su. Abin da ya rage na saɓani shi ne harafi na huɗu, wanda mu a Nijeriya muke rubutawa 'y, 'yan'uwanmu na Nijar kuwa ƴ. Saboda haka tun fil azal waɗannan baƙaƙe da maɗaba'a suka dogara. Mai tafireta a ofis yakan buga k ne, daga baya ya bi da alƙalami yana lanƙwasa kawunan ɗaya bayan ɗaya, in ya gaji ya bari.

Da kwamfuta ta zo, sai ta gaji wannan rauni ta kuma ƙara masa. Ita kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin da aka fara yi a Amurka a 1963, mai suna ASCII, gurabe 128 ne kacal a cikinsa, kuma haruffan Ingilishi da alkaluma da alamomin rubutu sun cinye su. Masanan Hausa ba su naɗe hannu ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da zubin haruffa irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ɗauki nauyin ɗab'in Hausa shekaru masu yawa. Hikimar irin wannan zubi ita ce a ari gurbin wani harafi da Hausa ba ta bukata, kamar q da x da v, ko wata alamar baka, a zana mai ƙugiya a wurin. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Amma fa a cikin na'ura lambar q ce ke ajiye, rigar ƙ aka sa mata. Da zarar kundin ya shiga kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai rigar ta faɗi, a ga qasa da xaya da varawo. Duk ɗalibin da ya taɓa kai aikin bincikensa wani shago daban don a buga masa ya san wannan tashin hankali. Abin mamaki, daga nan ne samari da yawa suka koyi rubuta q a madadin ƙ, har suna ɗauka ƙa'ida ce.

Maganin gaskiya ya zo ne da tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, inda kowane ɗaya daga cikin baƙaƙenmu, babba da ƙarami, ya sami lambarsa ta kansa, ba ta aro ba. To me ya hana a huta? Wayar salula ce ta shigo tsakani. Lokacin da ta iso Nijeriya a 2001, saƙon tes guda haruffa 160 yake ɗauka, muddin dai duka suna cikin ɗan jerin da aka tanada don harsunan Turai ta yamma. In aka sa harafi ɗaya tak wanda ba ya cikin jerin, sai saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kawai, kuɗin ya ninka. Ga shi kuma madannan wayoyin lokacin ba su da ƙ sam. Mutanen da suka koyi rubutu da yatsa a wannan zamani, su ne iyaye da malaman yau, kuma hannu ba ya saurin mance abin da ya saba.

Yanzu mu tsallaka kogi. Unguwar Boro matattara ce ta Gbagyi, waɗanda suke su ne 'yan ƙasa, da Bajju da Atyap da Ham da Adara da sauran al'ummun kudancin Kaduna, ga kuma Ibo da Yarbawa. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 jama'ar birnin sun rabu ta fuskar mazauni, unguwannin kudu suka cika suka batse. Duk da haka Hausa ba ta bar wurin ba. Da ita ake ciniki a kasuwa, da ita ake jayayya da mai Keke Napep, da ita ake wa'azi da waƙa a majami'u da dama, musamman da yake an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Mai buga takardu a shagon bakin titi kuwa, yau katin biki, gobe tsarin jana'iza, jibi takardar yarjejeniyar haya, wani abu da Turanci wani da Hausa.

Sai dai ga yawancin waɗannan mutane Hausa harshe na biyu ce, kuma da yawansu ba sa bambanta k da ƙ ko d da ɗ a furuci. Wannan ba aibu ba ne, haka kowane harshen hulɗa yake sauƙaƙa a bakin waɗanda suka ɗauke shi. Abin lura a nan shi ne bambancin da ke tsakaninsu da Bakano. Bakano yana jin ƙugiyar a maƙogwaronsa, na'ura ce ta hana shi rubuta ta. Ka ba shi madannai masu kyau, ka raba shi da matsalar. Shi kuwa ɗan Unguwar Boro, ko ka ba shi madannan, kunnensa ba zai gaya masa inda zai sa ta ba. Hanyarsa ɗaya ce, ya riƙa ganin kalmar a rubuce daidai har ta zauna masa a ido, kamar yadda dukanmu muka haddace rubutun Turanci wanda bai bi furuci ba. A da littafin ibada da littattafan makaranta ne suke yi masa wannan aiki. A yau mafi yawan Hausar da idonsa ke gani ta WhatsApp da Facebook ce, wadda 'yan asalin harshen da kansu suka tuɓe mata ƙugiya. Ashe ke nan sakacin mai harshe ne ke hana mai koyo koyo.

Akwai masu cewa ai ba a rubuta karin sauti da tsawon wasali, amma ana gane gadon kwana da gadon dukiya daga yadda zance ya zo, don haka ƙugiya ma ana iya yi ba ita. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ita kanta hujja ce a kansu. Tun da rubutun ya riga ya ɗora wa mai karatu nauyin cankar abubuwa biyu, ƙara masa na uku zalunci ne. Kuma zance ba kullum yake ceto ba. A duba "Sarki ya shiga fada" da "Sarki ya shiga faɗa", ko "baki ya yi yawa" da "baƙi ya yi yawa". Mafi muni, tsakanin "Allah ya kare ka" da "Allah ya ƙare ka" ba komai sai ɗan lanƙwasan nan, ɗaya addu'a, ɗaya baki. Wanda ya ji an ce akwai ƙugiya amma bai san muhallinta ba yakan watsa ta ko'ina don gwaninta, kuma irin wannan kuskure na biyu ya fi na farko haɗari.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, na'urorin fassara, irin na Google da ya sanya Hausa a 2013, daga rubutun mutane suke koyo. In rabin abin da suka tarar kasa ne, rubu'i qasa, saura ƙasa, to kalma ɗaya ta zame musu uku, ita kuma kasa ta gazawa da kasa macijiya sun cuɗe da su. Haka nan mai neman kalma a cikin tsohon kundi zai nemi ƙasa ya rasa, alhali tana nan sanye da lambar q.

A yau uzurin na'ura ya ragu ainun. Madannan Gboard suna da Hausa, Windows ma haka, kuma saƙon intanet ba ya cajin kowa don ya sa ƙugiya. Abin da ya rage a wuyan wannan Sashe, a ganina, shi ne ya daina karɓar kundayen digiri da aka buga da haruffan aro, ya kuma sa a juya tsofaffin da ke ajiye zuwa Unicode tun kwamfutocin da ke iya buɗe su ba su mutu ba. Juyawar ba wuya gare ta ba, musanya q da ƙ ne, x da ɗ, v da ɓ, sai dai a kula da sunayen Turawa da kalmomin Ingilishi da ke cikin manazarta, don kada Vischer ya wayi gari Ɓischer.