Addinin Vodun a Jamhuriyar Benin: Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani

Duk wanda ya saba ɗauko kaya daga Kwatano, ko yake kai dabbobi kudu ta hanyar Malanbil, ya san akwai daren da za a ce masa kada ya fito, akwai kuma wurin da za a ce kada ya taka. Da yawa daga cikinmu muna bin umurnin ne kawai ba tare da mun san dalili ba. Dalilin kuwa shi ne Vodun, addinin gargajiyar mutanen kudancin Jamhuriyar Benin, wanda har yau yake da mabiya da shugabanni, har da ranar hutu a kalandar gwamnati.

A shekarun 1970, gwamnatin soja ta Mathieu Kérékou mai bin tsarin gurguzu ta matsa wa masu wannan addini lamba da sunan yaƙi da maita. Al'amura sun sauya a zamanin Nicéphore Soglo, wanda ya mulki ƙasar daga 1991 zuwa 1996, inda aka soma karrama addinin a hukumance, ranar 10 ga Janairu ta zama ranar bikinsa. Daga shekarar 2025 an mayar da hutun zuwa Juma'a ta biyu ta watan Janairu, babban taron kuma a garin Wida ake yin sa, a bakin teku. A ƙidayar jama'a ta 2013, kusan kashi 12 cikin ɗari na mutanen ƙasar ne suka ce Vodun suke bi, Musulmi kuwa kusan kashi 28.

Mabiyan sun yarda da mahalicci ɗaya da suke kira Mawu, to sai dai suna ganin ana kai masa buƙata ne ta hannun iskoki, kowanne da aikinsa. Legba ne mai tsaron ƙofa da mararraba, shi ya sa ake ganin tarin ƙasa da aka zuba wa manja a bakin gidaje da kasuwanni. Sakpata shi ne mai ƙasa da cutar agana, Hebiyoso mai tsawa, Gu kuma na ƙarfe da maƙera. Akwai kuma Dan, maciji, wanda daga sunansa kasuwar Dantokpa ta samo nata. A lokacin biki iska kan hau wasu daga cikin mabiya, abin da zai tuna wa Bahaushe da hawan bori. Bayin da aka kwasa daga Wida zuwa Haiti da Brazil sun tafi da addinin, kuma jikokinsu kan zo bikin Janairu.

Abin da ya fi shafar mu 'yan kasuwa shi ne dokokin da ake bi a kan hanya. A Porto-Novo da ƙauyukan kewaye akwai Zangbeto, dodon da aka lulluɓe da ciyawa kamar jinkar ɗaki, wanda tun da can shi ne mai gadin dare, kuma yakan tsare baƙon da ya gani yana yawo bayan gari ya yi shiru. A yankin Yarabawa kamar Ketu da Sakete da Pobe, kusa da iyakar Najeriya, in za a fito da Oro ana sanar da mutane su shige gida, musamman mata, domin ba a yarda mace ta gan shi ba. Wanda ya taso da mata 'yan kasuwa a motarsa bai tambaya ba, zai iya kwana a hanya. Haka nan idan dodannin Egungun sun fito, a ba su wuri, kada a taɓa tufafinsu. A Wida kuwa ba a kashe mesa. Ɗakin da ake ajiye su yana fuskantar babbar majami'ar Katolika ta garin, kuma in mesa ta shiga gidan mutum, ɗaukarta ake yi a mayar.

Bugu da ƙari, lokacin biki lokaci ne na ciniki. Ana neman awaki da kaji da farin yadi da manja da wuri, masauki yakan yi wuya a Wida, ofisoshi da bankuna kuma suna rufe, saboda haka mai takardar kaya ya gama da ita tun farkon mako.

Ba muna kiran kowa ga wannan addini ba ne, kowa da abin da ya riƙe. Amma iyayenmu da suka kafa zango a waɗannan garuruwa sun zauna lafiya da masu gari ne saboda sun san abin da aka hana, sun kuma kiyaye. Don haka kafin ka ɗaura kaya, ka tambayi mai masaukinka ko sarkin zango halin da gari yake ciki. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.