Fatarmu Ce, Amma Sunan Na Maroko

Da yawanmu muna wucewa ta gaban rumfar baduku a hanyar makaranta, ba ma ko waiwaye. To ku ji wannan. Shekaru aru-aru, fatar jar akuyar Sakkwato da majeman ƙasar Hausa suka jeme, ayari ke ɗaukarta ya keta Sahara zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai. Turawa suka yaba laushinta, suka riƙa yin bangon littattafai masu tsada da ita, suna kiranta fatar Maroko. Aikin namu, sunan na wasu.

Yau ma haka abin yake, sai dai salo ya sauya. A marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda aka ce an kafa tun 1498, marini kan haɗa baba da toka a karofi, ya jira kwanaki kafin ruwan ya nuna, sannan ya shiga tsoma zane yana ɗagawa. Masana'antar waje kuwa hoton zanen kawai za ta ɗauka, inji ya buga dubbai, a kawo mana kasuwa da araha. Mu ma, a faɗi gaskiya, mai arahar muke saya.

Shin babu doka ne? Akwai. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta hana kwaikwayon fasahar gargajiya, har da saƙa da tukwane da sassaƙa, don neman kuɗi ba da izinin hukumar haƙƙin mallaka ba. Matsalar ita ce marini nawa ne suka san da ita, kuma wa zai bi masana'antar da ke wata nahiya?

Maƙwabtanmu sun bi wata hanya: ɗaure sunan kaya da garin da ake yin sa. Hukumar OAPI da ke Yaounde, mai ƙasashe 17, ta yi wa malfar Sapone ta Burkina Faso irin wannan rajista, haka ma kilishin Nijar. Wanda bai bi ƙa'idar masu sana'ar ba, ba shi da ikon sayarwa da wannan suna. Najeriya ba ta cikin OAPI, kuma rinin Kano da tagullar Bida ba su da irin wannan rajista.