Ƙuna Ba Tare da Wuta Ba: Yadda Ake Raba Ruwan Rijiya da Gubar Benzin

A kan hanyar Kano zuwa Katsina, musamman wajen kasuwar hatsi ta Dawanau, gidajen mai sun yawaita, kuma kowannensu da tankunansa binne a ƙasa. Ba nisa da su akwai gonaki da gidaje masu shan ruwan rijiya. Idan tanki ya yi tsatsa ya huje, fetur zai tsiyaya har ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Abin tsoro a cikin fetur shi ne sinadarin benzin, wanda Michael Faraday ya gano a 1825. Yana narkewa a ruwa, yana kuma haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikurogiram 10 a lita guda, wato giram ɗaya kacal ya isa ya kai lita 100,000 bakin wannan iyaka. A 2011, Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoton cewa a Nisisioken Ogale ta Jihar Ribas, mutane na shan ruwan rijiyar da benzin ɗinsa ya ninka iyakar fiye da sau 900.

To, ta yaya ake wanke ruwan da ido ba ya gani? Wata dabara ita ce a ƙone gubar a inda take. Akan haƙa ƙananan rijiyoyin burtsatse, a ɗura haidurojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, tare da gishirin ƙarfe. H. J. H. Fenton ne ya bayyana ƙarfin wannan haɗi a 1894. Haɗuwarsu kan haifar da wasu ƙwayoyi masu zafin nama da ke farfasa zoben kabon shida na benzin, har ya koma ruwa da iskar kabon dayoksaid. Masana na kiran wannan oksideshan, kuma shi ne ke sa fartanya tsatsa, sai dai nan cikin gaggawa.

Aikin ba na gwaji ba ne. Yana fitar da zafi da iska, abin haɗari kusa da fetur. Marmara da jar ƙasar Kano cike suke da ƙarfe, wanda kan iya cinye maganin kafin ya isa ga gubar. Benzin da ya maƙale cikin yumɓu kuwa yakan sake fitowa bayan watanni, dole a maimaita ɗurin. Kuma sai an toshe yoyon, an zuƙe man da ke yawo bisa ruwan, kafin a ɗura ko da lita guda.