Daga Abuja zuwa New York: Nisan da ke kan taswira da nisan da ke kan tikiti

Kowace shekara idan Satumba ta kama, ofisoshin ma'aikatu a Abuja sukan cika da shirin tafiya New York, inda ake babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Hadimin da aka ɗora wa tsara tafiyar maigidansa yana buƙatar sanin nisan biranen biyu, da kuma tsawon hanyar da jirgi zai bi a zahiri, domin alƙaluman biyu sukan sha bamban ƙwarai.

Idan aka auna kai tsaye, tsakanin filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe da na John F. Kennedy akwai kimanin kilomita 8,600. Ana auna wannan nisa ne bisa kewayen ƙwallon duniya, shi ya sa hanya mafi gajarta take fitowa a lanƙwashe a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira.

Sai dai matafiyi daga Abuja yakan yada zango a wani birni kafin ya isa. Wanda ya bi ta Landan zai yi kusan kilomita 4,800 zuwa Heathrow, sannan wasu 5,500 a kan tekun Atlantika, jimilla sama da 10,000. Wanda ya bi ta Doha kuwa gabas zai fara nufa, alhali yamma ya dosa: kimanin kilomita 5,000 zuwa Ƙatar, sai kusan 10,800 zuwa New York. Wannan ya kusa ninka nisan asali.

Iska ma tana da nata tasiri. A can saman Atlantika ta arewa akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Tana tare jirgin da ya nufi Amurka, tana kuma tura wanda ke komowa, don haka tafiya daga Landan zuwa New York takan ɗara dawowa da kusan sa'a guda.

Ga kuma agogo. A Satumba Abuja tana gaban New York da sa'o'i biyar, a hunturu kuma shida. Jami'in da zai halarci liyafar ƙarfe takwas na dare a can, jikinsa yana ganin ƙarfe ɗaya na dare ne. Idan ya sauka ana gobe taro bayan doguwar hanya, da wuya ya zauna teburin tattaunawa da cikakkiyar natsuwa.

Tun da gwamnatin tarayya ta dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa ƙetare da kuɗin gwamnati na watanni uku daga Afrilun 2024, ido ya ƙara komawa kan abin da ake kashewa a kowace tafiya. Tikiti mai arha da ke ƙara kwana a hanya yana iya jawo ƙarin alawus da kuɗin masauki. Hadimin da ya lissafa kilomita, sa'o'in zango da bambancin agogo kafin ya miƙa takardar neman amincewa zai fi iya kare zaɓinsa gaban masu binciken kuɗi.