Karatun Likitan Haƙori: Shekara Shida Ana Koyon Me?

Duk shekara idan jami'o'i suka fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbi, akwai gidajen da murnarsu kan zo rabi da rabi. Yaro ya cike likitanci, makinsa ya gaza da kaɗan, sai aka tura shi tsangayar haƙori. Uba ya yi shiru, uwa ta ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, wani kawu kuma ya kawo shawarar da aka saba: "Ka karɓa kawai, in ka shiga sai ka nemi canji." A idon mutane da yawa wanda ya karanci haƙori mai cire haƙori ne, iyakarsa ke nan. Ba su ga dalilin da zai sa a kwashe shekara shida ana koyon abin da wani ke yi da filaya a gefen kasuwa ba.

Wannan kallon ya jawo mana asara ta fuska biyu. Yara masu hazaƙa suna guje wa fannin, waɗanda suka shiga ba da son ransu ba kuma sukan tarar da karatu mai nauyin da ba su yi masa shiri ba. Canjin da kawu ke faɗi ma ba kasafai yake yiwuwa ba, domin ajin likitanci a cike yake tun daga ƙofa.

Digirin da ake magana a kai shi ne BDS, wasu jami'o'in kamar ta Ife suna rubuta shi BChD. A Najeriya Jami'ar Legas ce ta fara buɗe makarantarsa a 1966, sannan Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya a shekarun 1970. Arewa ba ta samu nata ba sai bayan shekarar 2000, inda Jami'ar Maiduguri ta fara, Jami'ar Bayero ta Kano ta bi sahu, daga baya wasu suka shigo. Tazarar nan ta sama da shekara talatin ita ce ta sa har gobe likitocin haƙori suka taru a Legas da Ibadan da Abuja, alhali akwai ƙananan hukumomi da yawa a Arewa da ba su da ko guda.

Ƙofar shiga ɗaya ce da ta likitanci. Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, wato Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji, a JAMB kuma ɗalibi zai rubuta Turanci da waɗancan darussan kimiyya uku. Wanda ya shigo ta JAMB zai yi shekara shida, wanda ya samu shiga kai tsaye a aji biyu zai yi biyar. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci da likitocin haƙori, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da kujerun aikinta, kuma adadin ba ya wuce 'yan gomomi. Saboda haka kada a zaci gurbin haƙori a ɓagas yake.

Shekarar farko kimiyya ce zalla. Daga ta biyu ne ɗalibi ke gane inda ya shigo. Aji ɗaya yake zama da ɗaliban likitanci, wato MBBS, su karanci anatomi da fiziyoloji da bayokemistiri tare, su shiga ɗakin gawa tare, su feɗe jikin mutum tun daga tafin ƙafa har ƙwaƙwalwa. Ba a rage masa komai don shi ɗan haƙori ne, sai ma ƙari da ake yi masa na darasin ginin baki da haƙora. A ƙarshen wannan zangon akwai babbar jarrabawa ta farko, wadda ita ce ke tankaɗe ajin. Wanda ya faɗi darasi ya sake rubutawa, wanda ya sake faɗi ya maimaita shekara, wanda abin ya ci tura a sallame shi zuwa wani sashe. Bayan haka sai ilimin cututtuka da na ƙwayoyin cuta da na magunguna, sannan zagayen ɗakunan marasa lafiya a asibitin koyarwa, ɓangaren cututtukan ciki da ɓangaren tiyata.

Mai karatu zai ce, me ya haɗa mai duba baki da zuciya da hanta? Wanda ya zauna a kujerar likitan haƙori ba bakinsa kaɗai ya zo da shi ba. Wata ta zo da tsohon ciki, wani da hawan jini, wani yana shan maganin tsinka jini, wani kuma sikila ne. Cire haƙorin mai ciwon sukarin da bai daidaita ba na iya barin ramin da zai ƙi warkewa. Allurar kashe zafin da ake yi a dasashi tana da iyakar da ba a ƙetarewa, musamman ga yara. Sau da yawa ma a baki ake fara ganin alamar cutar da ke cin jiki, kamar ƙarancin jini ko ƙanjamau, tun mai ita bai san yana ɗauke da ita ba.

Inda hanyar ɗan haƙori ta rabu da ta abokinsa na MBBS shi ne aikin hannu, kuma nan ne ya kamata a tsaya a duba sosai, don shi ne abin da ba a gaya wa yara kafin su shiga. Wajen shekara ta huɗu ake kai ɗalibi ɗakin da suke kira fantom hed. Kawunan roba ne jere a kan tebura, kowanne baki buɗe, an dasa masa haƙora. A nan zai koyi riƙe injin huda haƙori, wanda ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya yana fesa ruwa. Za a ce ya fafe kogo mai zurfin milimita biyu, gefensa a tsaye, ƙasansa a shafe. In ya zarce da rabin milimita malami ya ce ya buɗe jijiya, a kawo wani haƙorin a sake daga farko. Haƙoran sama kuwa ba a ganin su kai tsaye, sai ta ɗan madubin da bai fi ƙwandala ba, kuma a madubi komai a juye yake: hannu na son tafiya dama, ido na cewa hagu. Makonni ake yi kafin hannu da ido su daina gardama. A ɗakin haɗa haƙoran roba kuma zai kwaɓa filasta, ya narka kakin zuma, ya jera haƙora ashirin da takwas ɗaya bayan ɗaya har na sama su hau na ƙasa daidai, ya lanƙwasa waya da filaya har yatsunsa su yi kanta. Ɗalibin da ya saba cinye jarrabawa da hadda yakan sha mamaki a nan, domin littafi ba ya riƙe wa mutum hannu. Wanda ya taso yana ɗinkin hula, ko zanen lalle, ko gyaran waya, sau da yawa shi ke yin gaba.

Shekaru biyun ƙarshe a kan mutane ake yin su, ƙarƙashin idon malami. Kowane ɗalibi yana da littafin da ake sa masa hannu: ciko kaza, cirewa kaza, wankin haƙori kaza, haƙoran roba kaza, aikin jijiya kaza, yara kaza. In bai cika ba, ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba ko da shi ne na ɗaya a aji. Shi ya sa za ka ga ɗaliban haƙori suna farautar marasa lafiya a unguwa da masallaci da cikin dangi, wani lokaci har su biya wa mutum kuɗin aiki daga aljihunsu don kada ya gudu a bar su da rabin aiki. Iyaye su san da wannan, su kuma san cewa kayan aiki da yawa ɗalibi ne ke sayen abinsa, ga shi daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Shekara shidan ma a takarda take. Waɗanda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2020 da na 2022 ya rutsa da su sun ga yadda shida ke komawa bakwai har takwas.

Wanda ya gama za a rantsar da shi, MDCN ta ba shi lasisin wucin gadi, ya yi shekara ɗaya ta horo a asibitin da aka amince da shi, wadda suke kira hausjob, sannan bautar ƙasa. Dakta ake kiransa, kuma da haƙƙinsa. Daga nan yana iya kama aikin gwamnati, ko ya buɗe asibitinsa in yana da jarin kujera da injin hoto, ko ya koma asibitin koyarwa ya ƙware a ƙarƙashin Kwalejin Likitoci ta Ƙasa ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Fannonin ƙwarewar sun haɗa da daidaita haƙora da waya, da haƙoran yara, da cututtukan dasashi, da tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska.

Wannan na ƙarshen shi ne wanda jama'a ba su san na likitan haƙori ba ne. Ɗan acaɓan da ya faɗi ba hular kwano muƙamuƙinsa ya karye, likitan haƙori ake tasowa cikin dare ya ɗaure masa shi da waya ko ya sa masa ƙarfe. Ƙarin da ke girma a haɓa shekara da shekaru har ya sauya wa mutum kama, ana ta turare da rubutu, shi ke yanke shi ya sake gina wurin. Akwai kuma kumburin da ke tasowa daga ruɓaɓɓen turmin ƙasa ya gangara ƙarƙashin harshe da wuya har ya toshe numfashi. Wannan yana kisa cikin 'yan kwanaki, kuma yawanci daga ƙaramin kogo ya faro, wanda aka yi ta cusa wa kanumfari, wasu ma har ruwan batir, ana cewa tsutsa ce ke ci. Babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsamin da ke zaizaye haƙorin, kuma inda ya zaizaye ba ya sake tofowa.

Sai cutar noma, wadda wasu ke kira zaizayar baki. Yara 'yan shekara biyu zuwa shida ta fi kamawa, waɗanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. Daga ɗan gyambo a dasashi take farawa, cikin kwanaki ta huda kunci ta ci leɓe da hanci, kuma mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi. Alhali in an gan ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman da aka kafa dominta a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamban 2023. Cutar ƙasarmu ce, daga Sakkwato da Zamfara har Damagaram. Likitan da zai zauna da uwa a ƙauye ya yi mata bayani da harshenta, ya san me take nufi in ta ce iska ce ta taɓa yaron, ba daga wani wuri za a kawo mana shi ba.

A ganina mata ma suna da babban rabo a nan. Akwai matan aure da 'yan mata da yawa da za su fi sakin jiki su buɗe baki gaban mace, kuma in ban da ɓangaren tiyata, yawancin aikin na rana ne, ana iya tsara shi da alƙawari.

Aikin dai yana da nasa wahalar. Yini ake yi a sunkuye, wuya da baya suna biya. Akwai jini da ruɓa da wari, akwai haɗarin ɗaukar ciwon hanta in allura ta soki mutum, shi ya sa ake son ɗalibi ya yi rigakafinsa kafin ya fara taɓa marasa lafiya. Mutanenmu kuma ba sa zuwa sai ciwo ya hana barci, in sun zo kalmarsu ɗaya ce: "Likita, a cire shi in huta." Shawo kan mutum ya yarda a ceci haƙorinsa, ga kuɗin ciko ya fi na cirewa, wani karatu ne da ba ya cikin manhaja.

Akwai ruɗanin da ya kamata a kauce masa. Kwalejojin kiwon lafiya da dama suna ba da difloma ta ND da HND a fannin kula da haƙori ko haɗa haƙoran roba. Sana'o'i ne masu daraja, likitan haƙori ba ya aiki sai da masu su, amma ba su ne BDS ba, kuma hukumomin da ke yi musu rajista daban ne. An sha ganin iyayen da suka biya kuɗin makaranta suna zaton ɗansu likita zai fito.

Saboda haka, ɗalibin da ke tunanin wannan fanni ya nemi izini ya yini a sashen haƙori na asibitin da ke kusa da shi, ya ga aikin da idonsa, ya ji ƙarar injin, ya tambayi zuciyarsa ko zai iya shekara talatin a haka. Iyaye kuma, kafin ku biya ko sisi, a gida ne ko a Sudan ko Masar ko wata ƙasa, ku tabbatar MDCN ta amince da makarantar, domin wanda ya karanto a waje sai ya ci jarrabawar hukumar kafin a bar shi ya taɓa bakin kowa a Najeriya.